Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

A kowace shekara kwanaki arba'in na Azumi sukan riske mu a lokacin da rani ya tsananta, bazara kuma ta kunno kai. A wannan lokaci rijiyoyi sukan ja baya, rafuka su koma yashi, jarkoki su yi dogon layi a bakin famfo tun kafin kiran assalatu. Da yawa daga cikin iyayenmu mata da ke zuwa Misar safe sun riga sun yi rabin aikin yini wajen neman abin da za a sha kafin su shigo majami'a. A cikin irin waɗannan makonni ne Ikkilisiya takan karanta mana labarin mace Basamariya a bakin rijiyar Yakubu, a cikinsu ne kuma ranar 22 ga Maris take faɗowa, wadda aka keɓe domin tunawa da ruwa a duniya baki ɗaya. Saboda haka muka ga ya dace mu yi tunani tare a kan wata tambaya da takan tashi duk inda garuruwa maƙwabta suke sha daga bututu ɗaya, ƙarƙashin hukuma ɗaya: na wane ne ruwan, kuma wane hakki ne kowane gari yake ɗauke da shi game da ɗan'uwansa?

Yadda ruwan yake zuwa

Bari mu ɗauki misalin da yawancinmu suka sani. Birnin Zariya da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru wurare ne masu tarihi dabam-dabam, da mutane iri-iri, kuma ba duka ne suke ƙarƙashin ƙaramar hukuma ɗaya ba, amma kogin Galma ne babban abin dogaronsu wajen ruwan famfo. An gina madatsar Galma a ƙaramar hukumar Kubau domin a tara ruwan damina a riƙa sakinsa da rani. A shekarar 2017 aka buɗe sabuwar matatar da aka tsara ta riƙa tace lita miliyan 150 a rana, cikin wani babban aiki da Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci suka taimaka da kuɗi, da nufin ruwan ya isa Zariya da Sabon Gari da wasu ƙananan hukumomin kewaye, irin su Giwa da Kudan da Makarfi da Soba. Idan aka ba kowane mutum lita 50 a rana, wato jarka biyu masu cin lita 25, lissafi ya nuna wannan ruwa zai ishi mutum miliyan 3. Wannan lissafin takarda ne. Tsakanin takarda da tulu akwai tafiya mai nisa, kuma a cikin wannan tafiya ne lamirin mutum yake shigowa.

Ruwan kogi ba ya shiga famfo da kansa. Sai injuna sun ɗaga shi zuwa matata, a zuba masa alif domin laka ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, a sa masa sinadarin kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan wasu injuna su tura shi zuwa manyan tankuna a kan tudu, daga nan ya gangaro cikin bututu zuwa unguwanni. Kowane mataki yana bukatar wutar lantarki ko man dizal, da magani, da ma'aikaci mai riƙon amana. Haka kuma ƙarfin ruwa yana raguwa gwargwadon nisan tafiyarsa da yawan masu ɗiba a hanya. Gidan da yake kusa da tanki, ko yake cikin kwari, shi ke fara samu. Gidan da yake ƙarshen bututu, ko yake kan tudu, shi ke fara rasawa, ko da kuwa ya biya kuɗinsa daidai da na kowa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata kowane magidanci ya sani. Bututun da yake cike da ruwa mai ƙarfi, idan ya tsage, ruwa ne yake fita. Bututun da ya yi kwanaki babu ruwa, idan ya tsage a inda ya ratsa kwata, ƙazanta ce take shiga, ranar da aka sako ruwa kuma ita ce za ta fara isa tukunya. Ta haka mutumin da ya huda bututu a ɓoye a wannan gari yakan aika cuta zuwa wancan gari, ga yaron da bai taɓa gani ba. A shekarar 2021 an sami mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi shan wahala. Maganar ruwa maganar rai ce, ta shiga ƙarƙashin doka ta biyar wadda ta hana kisan kai.

Da'awa huɗu da muke ji

Duk inda aka haɗa ruwa, za a ji muryoyi huɗu, kuma kowace tana da ɗan rabonta na gaskiya. Ba daidai ba ne mu kore su ba tare da mun saurara ba.

Murya ta farko ta mutanen da madatsa take ƙasarsu ce. Suna cewa, "Ruwan nan a gonakinmu ya kwanta, don me za a kai wa wasu mu muna kallo?" Gaskiyarsu ita ce, babu madatsar da ake ginawa ba tare da ta ci fadamar wani ko gonar gado ba, kuma abin kunya ne babban bututu ya ratsa ƙauye zuwa birni alhali matan ƙauyen suna ɗibar ruwan kududdufi. Birnin da yake sha yana da bashi a kansa ga waɗannan mutane, bashin diyya ta gaskiya da kuma famfo a ƙofarsu. Amma ruwan da ya taru a madatsa ba a nan aka halicce shi ba. Ya sauko daga sama a kan duwatsu da gonakin wasu mutane masu nisa, ya biyo rafuka ya iso. Mai zama a bakin ruwa mai tsaro ne, kamar yadda wanda yake sama da shi ya tsare masa.

Murya ta biyu ta babban gari ce, mai yawan jama'a da kasuwa da manyan mutane. Suna cewa, "Mu ne muka fi biya, saboda haka in ruwa ya yi kaɗan mu za a fara ba." Gaskiya ne kuɗinsu yana ɗauke da kaso mai yawa na aikin, kuma inda mutane suka cunkushe a nan annoba ta fi saurin yaɗuwa. Amma kuɗi yana sayen aikin kawo ruwa ne, ba ya sayen ƙishirwar maƙwabci. Jaririn ƙaramin gari yana bukatar ruwa daidai da na babban gari. Idan har za a wanke mota ko a shayar da furanni a wata unguwa ranar da wani gari bai sami na dafa abinci ba, to an juya tsarin da Allah ya kafa, domin abin da ke riƙe da rai yana gaban abin da ke ƙara jin daɗi.

Murya ta uku tana fitowa daga kowane gari, har daga cikin majami'unmu: "Ruwa kyautar Allah ne, don me za mu biya?" Hakika kyautar Allah ne, kuma ba wanda ya isa ya sa wa ruwan sama farashi. Amma Allah bai sauko da bututu da injin da alif daga sama ba. Ya ba mu hankali da hannu mu yi su, mu kuma kula da su. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Littafin Ƙidaya, sura 20, da Isra'ilawa suka nemi izinin ratsa ƙasar Edom, su da kansu suka yi alkawarin biyan kuɗin duk ruwan da su da dabbobinsu za su sha, ba su ga wannan ya saɓa wa bangaskiyarsu ba. Wanda yake da hali ya ƙi biya, ba hukuma kaɗai ya cuta ba. Injin da ya tsaya saboda rashin mai, matalauci ne zai ji a jikinsa, domin shi ne zai koma sayen jarka a hannun 'yan garuwa da tsada fiye da ta famfo. Sai dai mu ƙara da cewa hukumar da take karɓar kuɗi a kan famfon da ya bushe ita ma ta ci hakkin mutane, kuma ita ce take koya musu ƙin biya.

Murya ta huɗu ta masu gajiya ce: "A raba kawai, kowa ya haƙa burtsatsensa." Ba mu zargin wanda ya haƙa rijiya domin iyalinsa bayan ya yi shekaru yana jiran famfo. Amma mu lura da abu biyu. Na ɗaya, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma na tarayya ne, ba ya sanin iyakar fili. Yankinmu yana zaune a kan dutse, ruwan da ke ƙarƙashinsa ba shi da yawa, kuma burtsatse mai zurfi na iya janye ruwan rijiyar maƙwabci marar hali. Na biyu, ranar da duk masu faɗa a ji suka sami nasu ruwan a cikin gida, ba sauran wanda zai buga waya in famfon gari ya ƙafe. Waɗanda suka rage a kan bututu su ne waɗanda ba a sauraron kukansu.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Rigimar ruwa tsakanin maƙwabta tsohuwa ce. A Farawa, sura 21, Ibrahim ya kai ƙara wurin Abimelek a kan rijiyar da barorin sarkin suka ƙwace. Abimelek ya ce shi bai taɓa jin labarin ba sai a ranar, amsar da har yau ake ji a ofisoshi. Ibrahim bai ɗauki makami ba, bai kuma yi shiru ba. Ya faɗi abin da ke damunsa a fili, ya ware 'yan raguna mata bakwai su zama shaida, suka yi rantsuwa, aka kira wurin Biyer-sheba. Daga nan muke koyon cewa zaman lafiya a kan ruwa yana bukatar yarjejeniya bayyananna mai shaidu, wadda kowa zai iya tunawa da ita.

A sura 26, Ishaku ya tarar an cika rijiyoyin mahaifinsa da ƙasa saboda hassada. Mu dubi wannan wauta: wanda ya binne rijiya domin kada wani ya sha, shi ma ba zai sha ba. Ishaku ya sake haƙa, makiyayan Gerar suka yi jayayya, ya sa wa rijiyar suna Esek, wato gardama. Ya haƙa wata, suka sake tasowa, ya kira ta Sitna, wato gaba. Sai a ta uku aka bar shi, ya kira ta Rehobot, wato yalwa. Kowane bututun da ya haɗa garuruwa biyu zai ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan sunaye uku, mu ne kuma masu raɗa masa.

A sura 29 kuma, Yakubu ya iso ƙasar gabas ya tarar da garke uku na tumaki kwance a bakin rijiya, da babban dutse a bakinta. Makiyayan suka bayyana masa al'adarsu, cewa ba a kawar da dutsen sai dukan garkuna sun hallara, sa'an nan a shayar tare, a mai da dutsen wurinsa. Waɗannan makiyaya ba su da hukuma ko mita, amma sun gane abin da ke riƙe da ruwan tarayya: wanda ya riga zuwa yana jiran wanda ya makara, domin kada na ƙarshe ya tarar da laka.

Ikkilisiya ta ɗora koyarwarta a kan wannan tushe. Majalisar Vatican ta Biyu, a shekarar 1965, ta koyar da cewa Allah ya nufi duniya da abin da ke cikinta domin amfanin dukan mutane da dukan al'ummai, saboda haka mallakar kowa tana da iyaka a inda bukatar ɗan'uwa ta rayuwa ta fara. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya bayyana a 1987 cewa zumunci na gaskiya ya wuce jin tausayi na ɗan lokaci, ƙuduri ne mai ɗorewa na yin aiki domin amfanin kowa da kowa. Marigayi Paparoma Francis, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya ce samun tsabtataccen ruwan sha hakki ne na asali ga kowane ɗan Adam, domin sauran hakkoki sun dogara a kansa, ya kuma kira rashinsa bashin da duniya take ɗauke da shi ga matalauta. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta amince da wannan hakki a watan Yuli na 2010.

Ba mu kaɗai muke da wannan fahimta ba. 'Yan'uwanmu Musulmi, waɗanda muke tsayawa layi ɗaya da su a bakin famfo, suna da koyarwar da ta ce mutane sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta, suna kuma tunawa da Sayyadina Usman, wanda ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ta sadaka ga jama'a. A kan maganar ruwa, ba mu da dalilin rabuwa da su ko kaɗan.

Awon adalci

To, da me za mu auna ko ruwan tarayya yana tafiya bisa gaskiya? Amsar da muka tsaya a kai ita ce, a je famfon ƙarshe. Kada a tambayi gidan da ke gindin tanki, kada a tsaya ga adadin da ya fito daga matata. A bi bututu har inda ya ƙare, a ƙaramin gari, a unguwar kan tudu, a tambayi matar da ke wurin yaushe rabonta da ganin ruwa. Idan ta samu, kowa ya samu, domin ruwa ba ya isa gare ta sai ya wuce ta ƙofar kowa. Idan ba ta samu ba, to wani a hanya ya ɗauki rabonta, ko da saninsa ko ba da saninsa ba.

Wannan awo shi ne wanda Ubangijinmu ya ba mu a Bisharar Matiyu, sura 25, inda ya lissafa shayar da mai ƙishirwa cikin ayyukan da za a yi mana shari'a a kansu, ya kuma ɗauki abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta a matsayin abin da aka yi masa shi kansa. A bakin rijiyar Samariya shi ne ya fara roƙon ruwa, daga hannun macen da mutanensa ba sa shan ruwa a ƙwarya ɗaya da nata. A kan gicciye ma ya yi kukan ƙishirwa. Idan muna neman inda Kristi yake tsaye a cikin wannan tsari na bututu da tankuna, mu duba wurin da jarkoki suka fi daɗewa a layi.

A nan dole mu fara da kanmu. Mun san gidaje masu hali da suka ɗaura ƙaramin inji kai tsaye a jikin bututun gari, domin da zarar an sako ruwa su zuƙe shi zuwa tankinsu na sama. Wannan inji ba ya ƙara ko da ɗigo ɗaya a cikin bututu, rabon na gaba yake janyewa. Ba za mu rantse cewa ba a taɓa samun irin wannan a harabar majami'a ko makaranta ko gidan Fada ba. Idan tankinmu ya cika yana zuba, gwauruwar da ke bayan katangarmu kuma famfonta yana fitar da iska, to wa'azinmu a kan ƙaunar maƙwabci bai fita daga ƙofar majami'a ba. Hausawa suna da karin magana a kan wanda ya tsaya tsakanin mai bayarwa da mai karɓa ya hana: rijiya ta bayar, guga ya hana. Allah shi ne mai bayarwa, kowace damina kuma shaida ce. Hukuma guga ce, ma'aikacin da ke juya makullin bututu guga ne, garin da ke kusa da tanki guga ne, mu ma da bututu ya bi ta ƙofarmu guga ne.

Abin da ya rage gare mu

Muna roƙon masu riƙe da hukumomin ruwa, waɗanda wasunsu 'ya'yan Ikkilisiya ne, su yi abin da Ibrahim da Abimelek suka yi. In ruwa bai isa kowa a lokaci ɗaya ba, a raba ranaku, a rubuta, a sanar a masallatai da majami'u da kasuwanni, a kuma bi abin da aka rubuta ba tare da duba fuskar kowa ba. Jama'a suna iya haƙuri da ƙarancin da aka raba daidai, amma zargin son kai shi ke hura wutar gaba tsakanin garuruwa, kuma a ƙasarmu mun ga yadda ƙaramar gardama takan ɗauki rigar addini ko ƙabila. Kowane gari da ke kan bututu, ƙarami da babba, ya sami wakili mai murya a inda ake yanke shawara, a sa mata a ciki, domin su ne suka san nauyin jarka. A bayyana abin da aka karɓa da abin da aka kashe.

Mu kuma, jama'ar Allah, a wannan Azumi mu binciki lamirinmu a kan abubuwan da ba mu saba kai wa wurin furta zunubi ba. Wanda ya jona bututu a ɓoye ya je ya gyara matsayinsa. Wanda yake da hali kuma ake binsa kuɗin ruwan da ya sha ya biya. Wanda ya ga bututu ya fashe a titi ya kai rahoto, kada ya ce ba a unguwarsu ba ne. Injin da aka ɗaura a jikin bututun gari a cire shi. Majami'ar da Allah ya ba burtsatse ta buɗe famfo ɗaya ta wajen katanga, kada a tambayi mai ɗiba sunansa ko addininsa. Kwamitocin Adalci da Zaman Lafiya na majami'un da ke kan bututu ɗaya, tare da Zumuntar Mata, su zauna su rubuta ranakun da ruwa ya zo da waɗanda bai zo ba a kowane gari, su kai wa hukuma da murya ɗaya cikin ladabi, su gayyaci limamai da masu unguwanni su tafi tare. Majami'ar da ke samun ruwa kullum ita ce ya kamata ta shige gaba wajen yin magana domin wadda ba ta samu.

A daren Ista za mu taru a gaban ruwan baftisma, Fada ya sa masa albarka, a yayyafa mana shi ba tare da an tambayi garin da kowa ya fito ba. Allah ya sa abin da muka karɓa kyauta a wannan dare ya bi mu har bakin famfo, ya ba shugabanninmu riƙon amana, ya kawo mana damina mai albarka, ya kuma mai da Esek da Sitna na garuruwanmu su zama Rehobot. Amin.